Yaron da ke ba ni amsa da dala

Na fara riƙe alli a watan Oktoba na 2003, ina da shekara ashirin da biyu, da takardar gama kwaleji, BEPC, a hannu da ɗan horon da bai taka kara ya karya ba. Shekarar ce aka soma shirin nan na shekara goma na bunƙasa ilimi, PDDE, gwamnati na buɗe azuzuwa ko'ina tana ɗaukar mu ƴan kwantaragi mu riƙe su. Ni haifaffiyar Bagalam ce, amma lakwal ɗin da aka tura ni tana can bakin gari, inda gidajen Maraɗi ke ƙarewa gonaki su fara. Yaron da zan ba da labarinsa kuwa, Auta uwarsa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

A shekarata ta uku aka ba ni CE2, wato aji huɗu na firamare. Wannan 2005 ke nan, shekarar da yunwa ta taɓa jiharmu sosai, yara suka dawo hutu wuya duk ya fito. Ajina rumfar kara ne, kuma duk wanda ya koyar a rumfa ya san ba a shigarta sai an yi girbi an samu karan kafawa, don haka sai cikin Nuwamba muka zauna sosai. Sunaye 94 ne a rajistata. Babu teburi, babu benci. Tabarmi ne da tsofaffin buhuna, tablo kuma a jingine jikin wata gwafa.

Auta ɗan ƙarami ne, shekararsa takwas da ɗoriya, idonsa bai zama wuri ɗaya. A darasin lissafi muna da wata hanya da muke bi: in karanta tambaya, in buga rula sau ɗaya yara su rubuta a ardwaz, in sake bugawa su ɗaga gaba ɗaya in duba. Shi bai taɓa jiran bugu na biyu ba. Kafin in rufe baki ya zana wani abu ya ɗaga, daga nan ya ajiye ardwaz ɗin ya shiga sha'aninsa. Ya zaro kara daga jikin rumfa ya fara haɗa mota, ya tona rami da diddige, ya ja rigar na gabansa. Amsar kuma da ya ɗaga, in dai lissafin kuɗi ne, ba ta taɓa zama daidai ba. Faransancinsa ma ga shi nan dai, dikte kullum jan biro ya cika shi. Sai na yanke masa hukunci a zuciyata: ga gaggawa, ga kunnen ƙashi, ga rashin ƙoƙari. Na sa shi durƙuso a rana ya fi a ƙirga. Na dake shi da tsumagiya a tafin hannu. Ina faɗin wannan ne don gaskiya ce, kuma har yau in na tuna yadda yake miƙo hannun ba tare da ya yi kuka ba, yana kallona kamar mai jiran in yi masa bayani, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Akwai wata ranar Talata da ban manta ba. Na ce musu, da Faransanci, wata mata ta sayi tiya uku ta hatsi, kowace tiya 375 F, nawa za ta biya? Amsa 1125. Yara na ta ja da alli suna ƙirga yatsu, Auta ya ɗaga 225. Na ce ya goge ya sake. Ya goge, ya sake rubuta 225, har ya ƙara masa kauri don in gani da kyau. Na ɗauka raini ne. Ranar bai fita rekireyasiyo ba.

Bayan kamar sati biyu ina gida da dare ina gyaran kayen yara, wuta ta ɗauke, na jawo fitilar ƙwai. Inna na gefena a tabarma tana ƙirga kuɗin adashensu a fili kamar yadda ta saba. Na buɗe kayen Auta, na ga inda amsa ta kamata ta zama 1500 ya rubuta 300, na ɗaga biro zan ja masa layi. Daidai lokacin Inna ta ce, «Jika guda da dala ɗari, dala ɗari uku ke nan.» Hannuna ya tsaya a sama. Na koma shafukan baya. Inda ake neman 600 ya sa 120. Inda ake neman 850 ya sa 170. Na tuna 225 ɗin nan na ranar Talata, na ninka shi biyar, ya ba ni 1125. Na bi kayen tun daga farkonsa, shafi bayan shafi, ban samu lissafin kuɗi ko ɗaya da ya kuskure ba. Yaron nan in ya ji kuɗi da faran sai ya mai da su dala a kansa, kowane faran biyar dala guda, ya yi lissafin, ya ba ni amsa yadda duk mai sayayya a kasuwar Maraɗi zai faɗe ta, kuma duk wannan kafin in rufe baki. Ni da na tashi ina ƙirga dala tun ina ɗaukar tallan goro, wata biyu ina kallon amsoshin nan ban gane su ba, saboda in na shiga aji kaina na Faransanci nake shiga da shi, na Hausa in bar shi a ƙofa. Inna ta ce, «Lafiya kike kuka a kan takarda?» Ban iya ba ta amsa ba.

Washegari da aka fita rekireyasiyo na kira shi. Ya zo yana ɓoye hannu a baya. Na yi masa Hausa, abin da ban taɓa yi a cikin aji ba. Na ce, «Auta, tiya bakwai, kowace dala saba'in da biyar, nawa ke nan?» Ya ce, «Jika biyu da dala ɗari da ashirin da biyar, Madan.» Na ce da faran fa? Ya duƙa ya rubuta 2625 da yatsa a ƙasa. Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce, «Ai in kina son dala ta koma faran, ki raba ta biyu ki sa sifiri a baya. In rabi ya yi saura, rabin shi ne biyar.» Na ce wa ya koya maka? Ya ce, «Ba kowa. Gani na yi kullum haka yake fitowa.» Yaro ɗan shekara takwas ya gano da kansa cewa ninkawa biyar daidai take da ninkawa goma a raba biyu, har ya san yadda zai yi da mara. Na ce to tunda ka iya, me ya hana ka rubuta da faran? Ya dube ni da mamaki ya ce, «Kin ce nawa za ta biya. Mai hatsi ba ya cewa faran.»

Na nemi gafararsa a wurin. Bai san abin da zai yi da ita ba, ya tsaya yana murza gefen rigarsa.

Ranar Asabar na je gidansu. Uwarsa na tsakar gida tana matsar tunkuza, kaskon ƙuli-ƙuli a kan wuta, hayaƙi ya cika wurin. Tana ganina ta goge hannu a zane ta ce, «Madan, me ya yi kuma?» Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ba murna na fara gani a fuskarta ba, tsoro na gani. Ta rage murya ta ce don Allah kar in yi ta faɗa a unguwa, tana gudun kambun baka. Sai daga baya ta saki jiki ta gaya mini cewa duk matan da ke karɓar mai da ƙuli bashi, shi ke riƙe lissafinsu a ka, wadda ta biya da wadda ta rage saura, ba a taɓa yin gardama aka same shi da kuskure ba. A makarantar allo ma malaminsu ya ce in an rubuta masa da safe, kafin azahar ya wanke. Ubansa amalanke yake turawa a kasuwa, mutum ne mai shiru. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, «Malama, ku kuka san boko. In akwai alheri a ciki, ga shi nan.»

Litinin na shiga wurin dirakta da zumuɗina, na ce a ɗaga yaron nan zuwa CM1, wato aji biyar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo sakamakon kwampozisiyon farko. Auta na da 4 bisa 10, shi ne na 61 cikin 94, kuma da hannuna na rubuta. Ya ce, «Madan, da wace takarda zan tsaya gaban ansipekta?» Na fita raina a ɓace, amma yau na san bai yi laifi ba. Takarda kawai yake da ita, takardar kuma ta auna Faransancin yaron ne da kuskurena, ba ta auna kansa ba.

Sai na yi wani kuskuren, wanda nake ganin malamai da yawa na yi da kyakkyawar niyya. Na naɗa shi mataimakina. In ya gama aikinsa sai ya zagaya yana duba ardwaz ɗin sauran, in na fita shi ke rubuta sunayen masu surutu. Na samu sauƙi ƙwarai, motar kara ta ɓace. Amma cikin wata guda manyan yaran ajin suka tare shi a hanyar gida suka yaga masa riga, shi kuma ya zama ba ya koyon komai sabo. Abin da ya riga ya sani ne yake ta maimaita wa wasu daga safe har tashi. Na ɗauke shi daga durƙuso na sa shi aikin da gwamnati ke biyana in yi. Yaro mai hazaƙa shi ma karatu ya zo yi, yana da haƙƙin ya tashi kowace rana da abin da bai zo da shi ba.

Abin da ya yi mana amfani a ƙarshe wani kwalin sabulu ne. Na bi abokan aikina na roƙi tsofaffin littattafan lissafi na CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida, waɗansu babu bango. Na yanka kwalaye ƙanana na rubuta tambayoyi a jiki, na zuba duka a ciki na ajiye a bayan tablo. Kowace Litinin sai in gwada shi a kan darasin satin, tambaya biyar. In ya ci huɗu, satin nan ba ya zama maimaici da mu, kwali zai nufa. Sharaɗina guda ne: duk abin da ya warware sai ya zo ya yi mini bayaninsa da Hausa, ni in ba shi kalmomin Faransanci, ya koma ya rubuta da su. Abin mamaki, a nan Faransancin da tsumagiya ta kasa sa masa ya fara shiga, domin yanzu yana buƙatarsa. Tambaya na cikin littafi, yana ƙagare ya san me take cewa, ni kuma ina fama da yara casa'in da uku, dole ya tono ma'anar da kansa. Ban hana kowa taɓa kwalin ba, kuma kafin Maris yara biyar ko shida sun fara gaggawar gama aiki don su je wurinsa.

Wata rana ya zo mini da tambayar da ta fi ƙarfina. Yana ta raba 100 F ga mutum uku a ƙasa, ya ja 33 da waƙafi, 3, 3, 3 har ya kai gindin gwafa. Ya ce, «Madan, ba ya ƙarewa. Kullum ɗaya na saura. In na haɗa kason mutum ukun, tara tara kawai nake samu. To ina ɗayan yake zuwa?» Ban sani ba. Ban kuma iya cewa ban sani ba. Na ce masa zai gani in ya je kwaleji.

Ƙarshen shekara ya zo na bakwai a aji. Dirakta da kansa ya ce a zaunar da shi kwampozisiyon ƴan CM1, ya zauna ya ci, Oktoban 2006 ya shiga CM2 kai tsaye, a 2007 ya samu CFEPD, takardar gama firamare, yana ɗan shekara goma. Tsallake ajin bai zo masa a banza ba. Ya faɗa cikin samari ƴan sha uku da sha huɗu, hannunsa bai kai nasu saurin rubutu ba, ƙwallo ba sa sa shi. In an fita rekireyasiyo sai ya dawo bakin rumfata ya zauna da tsofaffin abokansa. Duk da haka ban yi nadama ba, don da an bar shi shekara guda yana jiran abin da ya sani, motar kara za ta dawo, tsumagiya ta biyo ta. Nadamata ita ce ban zauna da malamin CM2 tun farko na shirya masa wurin ba.

Sai bayan shekaru, a wani taron CAPED da muke yi mu malamai don ƙara wa juna sani, na ji cewa abubuwan da na yi ta lalube a duhu an daɗe da nazarinsu a wasu ƙasashe: ɗaga yaro aji, faɗaɗa masa darasi a cikin ajinsa, da gwada shi tun farko don a ɗauke masa abin da ya riga ya iya. Na bi na karanta abin da na samu. Gwajin basira na farko da Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar a Faransa a 1905, an yi shi ne don a gano yaran da karatu ke ba wuya a taimake su, daga baya aka mai da shi ma'aunin masu hazaƙa. Wani Ba'amurke, Joseph Renzulli, ya ce a 1978 hazaƙa na fitowa ne inda abu uku suka haɗu: iyawa da ta wuce ta tsara, naci a kan aiki, da ƙirƙira. Da na karanta wannan, yaron nan na gani duƙe yana jan 3 har gindin gwafa. Amma na tabbata da an kawo gwaji da Faransanci an ɗora masa a Nuwamban 2005, da ya faɗi, an kuma buga hatimi a kan faɗuwar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ina fatan abin ya sauko har cikin aji, don yaro ya fara nuna kansa da bakin da yake tunani da shi.

Muna da makarantun zaƙaƙurai a Yamai, irin su Lycée d'Excellence da Prytanée ta soja, ana shigarsu ta hanyar gasa, kuma alheri ne. Sai dai gasa na tsintar wanda ya iso bakin ƙofarta ne. Wanda aka yi wa jan layi tun CE2 har ya yarda shi daƙiƙi ne, ba ya isowa. In na yi wannan magana wasu abokan aiki kan ce, yara na karatu a rumfa, har gobara ta cinye mana fiye da ashirin a garin nan a Nuwamban 2021, Allah ya jiƙan su, ke kina zancen masu hazaƙa? Ina jin zafin maganarsu, ni ma a rumfar na koyar. Amma masu hazaƙar a cikin rumfar suke zaune. Ɗan mai hali in ya gaji da aji ubansa zai canza masa lakwal ko ya ɗauko masa malami a gida. Ɗan mai amalanke ba shi da kowa sai malamar da ke gabansa.

Akwai kuma wadda ban gani ba sam, a ajin nan dai na 2005. Yarinya ce mai zama a layin gaba, ba ta taɓa ba ni wahala ba, amsarta kullum daidai, ardwaz ɗinta a goge tas. Auta ƙiriniya ce ta sa idona ya tsaya a kansa, ita kuwa ladabinta ya ɓoye ta. Ranar da za mu yi hutun ƙarshen shekara ta miƙo mini wani littafin CM2 da ta ɗauka a kwali ban sani ba, da kaye cike da amsoshin tambayoyinsa, wanda ta yi a gida bayan ta dawo talla. Na yaba mata, na ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Ban je gidansu ba, ban shiga wurin dirakta dominta ba. Bayan CM2 ban sake jin ta a lakwal ba. Tun daga lokacin, duk shekara sai na zaunar da masu shirun nan ɗaya bayan ɗaya na yi musu tambayar da ta wuce ajinsu, kuma ban ƙara jan layi a kan amsa ba sai na tambayi kaina ta wace hanya yaron ya bi ya iso nan.

Auta ya kai aji uku a kwaleji. A nan ubansa ya kwanta ciwo, ya ajiye kaye ya kama amalanke. Na samu labari a makare, na je na yi magana, amma gidan na bukatar abin da za a ɗora a wuta. Yanzu yana da rumfar hatsi tasa a kasuwa, da yara biyu masu yi masa awo, ƴan kasuwa har daga Jibiya suna kiransa a waya ya yi musu lissafin canjin naira da sefa. Yana cikin rufin asiri, ya kai uwarsa ta daina tsayuwa gaban kasko.

Bara bayan girbi na je sayen gero, ya taso da sauri ya shimfiɗa mini buhu. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na ce ta rasu, ya yi mata addu'a. Ya auna mini tiya goma ya ƙi karɓar kuɗi. Ina shirin tashi ya ce, «Madan, kin tuna ɗayan nan da ke saura? Har na bar kwaleji ba a zo wurin ba.» Na ce masa, «Auta, ranar nan ban san amsa ba ne, kunya ta hana ni faɗa maka.» Ya yi shiru, sannan ya ce shi a ganinsa ɗayan ba ya zuwa ko'ina, tunda taran ba su da ƙarshe, babu wurin da za a tsaya a ce ga abin da ya rage, don haka ɗari ce cif. Ya ce ya daɗe yana juya abin in kasuwa ta yi sanyi, amma bai samu wanda zai tambaya ba.

Da na koma gida na nemi ɗan ƙanwata da ke karatun lissafi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na maimaita masa maganar yadda Auta ya faɗe ta. Ya ce haka ne, kuma akwai babi guda a kanta a littafin lise. Na sa ya aro mini littafin. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kai masa rumfa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kaɗe ƙurar gero daga cinyarsa, ya ce wa yaronsa ya kula da awo, ya buɗe shafin farko.